Bes Ɗin Motar Alhaji Hassan

Litinin, 17 ga Agusta 1981, bayan La'asar

Na dawo daga Ikko. Jirgi ya sauke mu Sakkwato da hantsi, na shigo motar haya zuwa Tambuwal. Kwangilar takin zamani ta faɗo hannuna, an sa hannu, alhamdulillahi.

Na iske tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune. Husaina ce, 'yar'uwata da ke aure a Fakku. Wajen haihuwa. An yi mata sutura tun ran Asabar. Na zauna, anka yi addu'a, na shafa. Malam Abdu liman ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, tafinsa duk gumi.

Da anka tashi salla na zaga baya inda nake ajiye mota, na yaye tamfol, na kunna kaset. Wani abu ya sami sautin. Bes ɗin nan, kaurin ganga da ke dukan ƙirjin mutum har madubi ya riƙa rawa, babu shi. Murya tana nan, kalangu yana nan, amma babbar ganga sai ka ce kwali ake bugu. Duk Tambuwal ba mai akwatin sifika irin nawa. Bara na zo da shi daga Ikko, shi da amfilifayarsa, anka girke shi a bayan kujerar baya. Ba haka na bar shi ba.

Rabi'atu, matata, ta leƙo ta ce, "Alhaji, ana ji daga waje." Na ce to su ji.

Talata, da hantsi

Bube mai gyaran rediyo ya zo ta'aziyya. Bencinsa a gindin sitona yake, ni na ba shi wurin. Yana gama addu'a na ja shi baya.

Ya ce, "Alhaji, yanzu? Ga mutane zaune."

Na ce mutanen ba su za su gyara mini sifika ba.

Ya ce wataƙila kan da ke karanta kaset ne ya yi datti. Ya naɗa auduga a tsinke, ya jiƙa da sifirit, ya goge. Audugar ta fito baƙa. Munka kunna, murya ta ƙara fita tas, amma bes yana nan yadda yake. Ya ce to a duba batir, don idan wuta ta yi ƙasa kauri ke fara gudu. Yana magana yana kallon ƙasa. Ban son mai kallon ƙasa.

Laraba, bayan Azahar

Sabon batir. Babu canji.

Bube ya bi wayar da ke ɗaure da jikin mota ya iske tsatsa a bakin noti. Ya kankare da wuƙa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure. Ya ce, "Alhaji, kamar ya ɗan taso." Bai taso ba. Na ce in zai yi mini ƙarya ya bari sai na kurmance.

Ashe jinjirar ta rayu. Mace ce. Tana ɗakin Goggo, mahaifiyarmu, ana ɗura mata madarar gwangwani da cokali tana mayarwa. Duk lokacin da na rage sauti don in saurari ƙasan ganga sai kukanta ya shigo. Na aika a ce su shiga da ita ƙuryar ɗaki su rufe ƙofa.

Alhamis, da safe

Hanyar Fakku ba ta biyuwa da damina. Kowa ya san wannan.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na durƙusa zan duba wayar da ta bi ƙarƙashin mota sai na ga laka. Jar laka, ta bushe a cikin kwarin taya. Babu irin wagga laka a cikin gari. Na buɗe ƙofar baya na sa hanci a kujera: sabulu, da wani abu ƙarƙashin sabulun.

Na kira Rabi'atu na ce ta dafa kujerar ta gaya mini wa ya wanke ta. Ta ce ita ce. Na ce mi ya zuba. Ta yi shiru. Na ce tana iya yin shirun a gidan ubanta. Sannan ta ce Arzika ne ya fita da motar ran Asabar da asuba, kuma ita ta ɗauko masa makulli daga aljihun rigata.

Arzika ƙanena ne. Ni na koya masa tuƙi, ni na ɗora shi kan sito, ni na ba shi ɗaki shi da matarsa a gidan nan.

Na sa ta sake wanke kujerar, ina tsaye. Ta wanke tana kuka. Warin bai fita ba.

Asabar, da hantsi

An yi suna. Na'Allah, mijin marigayiyar, ya zo da rago daga Fakku. Sunan uwarta anka mayar mata, Ummu za a riƙa ce mata. Ban fita ba, kaina yana ciwo.

Lahadi, bayan La'asar

Na kira Arzika bayan gida, na sa Bube ya tsaya ya zama shaida. Na ce ya faɗi abin da ya yi wa akwatina.

Bai ko musa ba. Ya ce, "Yaya, ran Alhamis Na'Allah yaz zo kan babur yana roƙonka, kac ce motarka ba ta shiga laka. Tun Laraba Husaina ke naƙuda. Da kat tafi Ikko, ran Asabar nid ɗauka."

Ya ce a rafin da ke kafin Fakku sai da shanun noma sunka ja motar. Da sunka isa ba ta iya zama, sai kwanciya. Ya kwantar da kujerar baya, katifa ta ƙi shiga saboda akwatin. Sai ya fizge wayoyi, ya sauke akwatin a tsakar gidan Na'Allah, sunka shimfiɗa ta. Ruwa ya sauko bayan sun tafi. Akwatina ya wuni a cikin ruwa, ya kwana. Sai Lahadi anka kawo shi kan amalanke, ya mayar da shi ya haɗa wayoyin yadda ya ga dama.

Ya ce sun wuce Tambuwal za su asibiti Sakkwato, daidai kwanar Jabo ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Ya ce ta yi magana kafin nan. Ya ce, "Yaya, ta tambaye ka. Tac ce..."

Na ce ban tambaye shi wannan ba. Na tambaye shi wa ya ba shi izinin taɓa wayoyina.

Ya dube ni, ya dubi Bube. Bube yana kallon ƙasa.

Na karɓi makullan sito. Na ce shi da matarsa Hadijatu su bar mini gida kafin Juma'a. Ya ce, "Da daminar nan, Yaya? Hadijatu na da ciki." Na ce tun da ya iya shiga ruwa da kayan mutane, ya shiga da nasa.

Litinin, da safe

Ni ba likita ba ne. Ko da na ba da motar ran Alhamis, ba ni ke riƙe da kwanan mutum ba.

Litinin, bayan Azahar

Yanzu dai mun san inda za mu duba. Sifika biyu ne a cikin akwatin. Bube ya ɗauko ƙaramin batirin tocila ya taɓa wa kowacce: ɗaya ta turo waje, ɗaya ta shige ciki. Ya ce wayar ɗaya ce anka juya, ja a wurin baƙa, shi ya sa suke cinye junansu, wagga na turawa waccan na ja. Ya mayar da kowace waya wurinta.

Ya taso. Wallahi ya taso, na ji shi a kujera. Amma da na ƙara murya sai ya kama ɓarɓar kamar an saka ƙudan zuma a gwangwani. Ba nawa ba ne wanga sauti.

Talata, da la'asar sakaliya

Goggo ta aiko a kira ni. Tun da na dawo ba mu zauna ba. Na iske ta da jinjirar a cinya, yarinyar ta rame, wuyanta kamar na ɗan tsako. Goggo ba ta dube ni ba, bango take yi wa magana, yadda ta saba.

Ta ce, "A bar yaron nan da matatai su ga kaka. In an yi girbi sai su tashi."

Na ce na riga na yi magana.

Ta ce, "Abin da yay yi, ni nis sa shi."

Na ce to ta gode Allah ita ta haife ni.

Jinjirar ta buɗe ido. Tana da ɗan tabon nan a gefen gira, irin na... Ɗakin yana da zafi, na fito.

Alhamis, da hantsi

Bube ya kwance bayan akwatin. Katakon ya sha ruwa ya kumbura, haɗin kusurwa ya buɗe har yatsa na shiga. Ya ce iska na zurarewa ta nan, shi ya sa ba nauyi. Ya cusa tsumma da gam, ya buga ƙusoshi. Sannan ya nuna mini takardar sifikar hagu: ta jiƙe ta bushe ta karkace, tana gogar maganaɗisu. Ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Sakkwato.

Na ce tun ran Talatar farko mi ya hana shi buɗe akwatin?

Ya ce, "Alhaji, na ga laka jikinai tun rannan. Ban so in zama ni ne na faɗi ba."

Na mare shi. Babban mutum ne, da furfura a gemu, hularsa ta faɗi cikin kwata. Ya duƙa ya ɗauka, ya karkaɗe, ya sa a aljihu. Na ce ya kwashe bencinsa daga gindin sitona yau ɗin nan.

Juma'a, da safe

Sun tashi. Amalanken jaki sunka samu. Ana yayyafi. Hadijatu ta zo za ta durƙusa ta yi mini sallama, na ce ta riƙe abinta. Wai Jabo za su, gidan iyayenta.

Juma'a, bayan Azahar

Ban iya cin tuwon ba. Rabi'atu ta cika gishiri. Ta ce yadda ta saba sawa ta sa.

Lahadi, da hantsi

Na zauna cikin motar ban kunna komai ba. Warin yana nan. Na tambayi direban ofishin da ya kawo mini takardu ko yana jin wani abu, ya shinshina ya ce sabulu kawai yake ji. Duk bakinsu ɗaya.

Muna yara, ni da marigayiyar, in anka zuba mana fura a ƙwarya ɗaya, takan tura mini gayan ta shanye ruwan. Ban san dalilin da ya sa na rubuta wannan ba.

Gobe a sayo turaren mota.

Talata, 1 ga Satumba, bayan La'asar

Na'Allah ya zo a ƙasa tun daga Fakku, yana jaye da saniya da ɗan maraƙinta. Ƙafafunsa laka har gwiwa. Ya tsuguna a zaure.

Ya ce, "Alhaji, an ce madarar gwangwani ba ta zama cikin yarinyar. Wagga saniyar uwarta ce, wadda Goggo ta ba ta da aure. Tana da nono. A riƙa tatsa ana tafasa mata."

Na ce ya kyauta. Na ce amma akwai maganar akwatina da ya kwana a tsakar gidansa cikin ruwa, yana gani bai ko jefa masa buhu ba.

Ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, rannan ba ni gida. Ina maƙabarta."

Na ce wannan tsakaninsa da mutanen gidansa ne. Saniya dai ta shigo, ta tsaya a madadin akwati.

Sannan ya ce, "Ita yarinyar fa?" Na ce kantuna cike suke da madara. Ya miƙe bai yi sallama ba. Igiyar ma ya bar ta.

Laraba, da safe

Goggo ta fito da kanta da ƙwarya, ta tatsa. Saniyar ta gane ta, tana lasar hannunta. Rabi'atu ta ce yarinyar ta sha, ba ta mayar ba, ta yi barci har hantsi.

Saniyar ta yi kashi dab da tayar mota.

Alhamis, bayan Azahar

Ɗangiwa mahauci ya zo ya duba. Mun daidaita, har da maraƙin. Ya ja su ta ƙofar baya lokacin da mata ke salla.

Gidana ba ruga ba ne.

Alhamis, kafin Magariba

Ba wanda ya ce komai. Rabi'atu ta ajiye abinci ta fita. Na fi son su yi magana.

Asabar, da hantsi

Tun ran Alhamis yarinyar ke kuka, yau ta daina. Na tambayi Rabi'atu ko barci take. Ta ce a'a, ƙarfin kukan ne babu.

Na ba da a sayo madara irin mai tsada, babban gwangwani. Kada wani ya ce ban yi ba.

Lahadi, bayan Azahar

Goggo ta tafi.

Da safe na ji babur a ƙofar gida. Arzika ne, ya aro na surukinsa. Na fito na iske Goggo ta goya yarinyar, ta ɗaure da majanyi, ƙullin kayanta a hannu. Ɗan ƙulli ne. Akwatin da na kawo mata daga Makka yana ɗaki, da zannuwan da ke ciki, da babban gwangwanin madarar, ba a ko fasa shi ba. Ta ce Fakku za su, akwai mai shayarwa a dangin Na'Allah, akwai shanu.

Na ce tsohuwa kamarta kan babur, cikin wagga laka, mutane su ce mi? Na ce ta jira in fito da mota in kai su har inda kwalta ta ƙare.

Ta juyo ta dube ni. Ban tuna rabon da ta dube ni ido cikin ido ba. Ni ne ɗan farinta, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wanga" take ce mini, ko "mai gidan nan".

Ta ce, "Hassan."

Rabi'atu ta dafe baki.

Ta ce, "Hassan, riƙe motarka. Biyu na haifa rana ɗaya, kuma na gama zaman makokinsu duka."

Arzika ya taimaka mata ta hau. Bai dube ni ba. Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu suna kallo. Malam Abdu liman yana cikinsu, da na ɗaga masa hannu sai ya shiga gyaran rawani.

Na shiga na rufe ƙofa da sakata.

Litinin, da safe

Ɗakinta yana da faɗi, ba ya yoyo. Taki zai zauna lafiya a ciki. Na sa an kwashe gadon.

Laraba, bayan La'asar

Rabi'atu ta ce za ta je ganin gida, mahaifinta ba ya jin daɗi. Ban ji an ce ba shi da lafiya ba. Ta ɗauki yaran duka, har da kwanukanta na jere. Na ce in ta fita kada ta jira biko. Ta ce, "To, Alhaji."

Gidan ya yi shiru. Yanzu mutum zai iya sauraron abu yadda ya kamata.

Juma'a, da hantsi

Wani ya ce an ga Bube a tasha, ya shimfiɗa buhu a ƙasa yana gyaran tocila. Wani kuma ya ce yarinyar ta kama nono a Fakku. Ban tambayi kowa ba, su ke kawo mini.

Ruwan shayi ma sai na fita waje.

Asabar, da safe

Hanyar ba ta biyuwa. In da na shiga da motar ran Alhamis, a rafin za ta tsaya. Shi ma sai da shanu sunka ja shi.

Sun dai ja shi.

Litinin, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Sakkwato. An nuna mini wani mai gyara a bayan kasuwa, Na'iya, mutum mai fara'a da yawan surutu. Ya sauke akwatin, ya cire tsumman Bube ya yar. Ya sa kafinta ya sake bayan da sabon katako mai kauri, anka bi haɗin da gam har ba inda iska za ta bi. Ya yanke tsohuwar takardar, ya manna sabuwa, ya daidaita ta a tsakiyar maganaɗisu, munka jira ta bushe. Ya canza wayar wuta ya sa mai kauri, ya ce siririya na shaƙe amfilifaya.

Da ya kunna, kwanon rumfarsa ya ɗauki rawa. Masu wucewa sunka tsaya. Wani mai lemo ya toshe kunne yana dariya. Ya fi yadda yake da. Na ji shi a haƙarƙari, na ji shi a haƙora.

Na tsaya ina jiran in ji daɗi.

Na'iya ya rage murya, yana goge hannu da tsumma. Ya ce shi yana son ya san sunan mai irin wagga mota, don gaba. Na ce Alhaji Hassan, daga Tambuwal.

Ya washe baki ya ce, "Allahu akbar, ɗan tagwai! Ni ma ina da su a gida, sun hana ni sakat. To Alhaji, naka abokin haihuwar, Husaini ne ko Husaina? Yana ina?"

Na ce, "Ni kaɗai anka haifa."

Ya ce, "Ikon Allah. To ya anka yi anka sa maka Hassan?"

Na ce ya rufe mini bayan motar, ina da nisa.